Wane ne Su Dongpo, kuma me ya sa Sinawa ba su manta da shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina zuwa Yiwu saro kaya. Wani abokin cinikina Basine ya kai ni Tafkin Yamma a Hangzhou, ya nuna mini wata doguwar hanya da ta ratsa tafkin, ya ce wani mawaƙi mai suna Su Dongpo ne ya gina ta kusan shekara dubu da suka wuce. Na ji yana maganarsa kamar kakansa ne. Ta yaya mawaƙi zai gina hanya? Kuma me ya yi har ake tuna shi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokin cinikinka bai yi maka ƙari ba. Sunan mutumin na asali Su Shi, Dongpo laƙabi ne da ya raɗa wa kansa daga baya. An haife shi a 1037 a garin Meishan na lardin Sichuan, ya rasu a 1101 a Changzhou, zamanin daular Song. Abin da ya ɗaure maka kai zai warware in ka san yadda ake samun muƙami a ƙasar Sin ta wancan lokaci. Jarrabawa ake zaunawa. Mutum zai ƙarar da ƙuruciyarsa yana haddace littattafan magabata, yana koyon tsara waƙa da rubuta maƙala kan sha'anin mulki, in ya ci sai a ba shi gari ya riƙe. Don haka alƙali da mai karɓar haraji da mai gyaran madatsar ruwa da marubucin waƙa sau da yawa mutum ɗaya ne. Kada ka ɗauko hoton makaɗin fada da 'yan amshinsa. Rubutacciyar waƙa ake nufi, ta masu ilimi, wadda ake aika wa aboki cikin wasiƙa ko a rubuta a bangon wurin ibada.

Gidansu gidan alƙalami ne. Mahaifinsa Su Xun da ƙanensa Su Zhe duk manyan marubuta ne, har cikin mutum takwas da Sinawa suke ƙirgawa a matsayin gwanayen rubutun zube na daulolin Tang da Song, uku 'yan wannan gida ne. A 1057 shi da ƙanensa suka ci babbar jarrabawar a Kaifeng, babban birnin ƙasar, yana ɗan shekara 20. Babban mai gyaran jarrabawar, Ouyang Xiu, shi ne jagoran marubuta a lokacin, kuma tun daga nan ya fara gaya wa mutane cewa wannan yaron zai sha gaban kowa. Hanya a buɗe take gabansa, ana ganin wata rana shi ne zai zama waziri.

Bai zama ba. A 1069 sarki Shenzong, wanda matashi ne, ya damƙa ragamar mulki ga Wang Anshi domin ya yi wa ƙasa garambawul. Baitulmali ya yi ƙasa, sojoji na cin kuɗi, ga maƙwabta na arewa ana biyan su azurfa da siliki duk shekara don a zauna lafiya. Wang Anshi ya fito da sababbin dokoki. Mafi shahara ita ce ta bashin noma: gwamnati ta ba manomi rance kafin shuka, ya biya bayan girbi da ƙarin kashi 20 cikin ɗari, maimakon ya faɗa hannun attajiran da ke tatsar sa fiye da haka. A takarda abin ya yi kyau, kuma ni ban ɗauki Wang Anshi a matsayin mugu ba, mutum ne mai gudun duniya da ke son ƙasarsa ta miƙe. Amma da dokar ta sauka ƙauye sai ta rikiɗe. An ɗora wa kowane jami'i adadin rancen da zai raba, sai suka koma tilasta wa mutane cin bashin da ba su nema ba, wanda ya kasa biya a ɗaure shi. Gishiri ma gwamnati ta ƙara matse cinikinsa, talakawan bakin teku da ke ɗan dafa shi su sayar suka cika gidajen yari. Su Shi ya rubuta wa sarki doguwar wasiƙa yana cewa a bi a hankali, zukatan jama'a sun fi kuɗin baitulmali. Ba a saurare shi ba, sai ya nemi a fitar da shi daga fada. A 1071 aka tura shi Hangzhou mataimakin gwamna, daga nan Mizhou, daga nan Xuzhou.

A Xuzhou aka ga irin ma'aikacin da yake. A 1077 Rawayen Kogi ya ɓalle, ruwa ya zo ya kewaye ganuwar birnin. Masu hali suka ɗaura kaya za su gudu, ya mayar da su, ya ce in suka fita babu wanda zai tsaya. Ya je barikin soja da ƙafarsa ya roƙi taimako, ko da yake sojojin ba a ƙarƙashinsa suke ba, ya kafa bukka a kan ganuwa ya tare a can yana lura da aikin datse ruwa, ba ya kwana a gida, har ruwan ya janye birnin bai nutse ba.

Duk wannan lokaci yana rubuta waƙoƙi, kuma abin da idonsa ya gani shi yake sakawa. A wata waƙa ya kawo tsoho ɗan shekara 70 da lauje a ƙugu yana haƙar tohon gora a dutse, wata uku bai ɗanɗana gishiri ba. A wata kuma ya ce abin da ƙauyawa suka tsira da shi daga rancen gwamnati shi ne 'ya'yansu sun iya karin harshen birni, domin fiye da rabin shekara a birni suke ƙarewa wajen zirga-zirgar bashi, kuɗin kuwa tun a can yake narkewa. Da a ce hannu da hannu waƙoƙin ke yawo da da sauƙi. Amma zamanin ɗab'i ne, masu sassaƙa haruffa a allon katako sun buga su ana sayarwa a kasuwa. Wannan ne ya tsorata abokan gabarsa.

A 1079, yana sabon zuwa Huzhou, aka aiko aka kama shi aka kai shi Kaifeng. Masu sa ido kan jami'ai, irin su Li Ding da Shu Dan da He Zhengchen, suka tuhume shi da zagin sarki da gwamnati, suka gabatar da bugaggen littafin waƙoƙinsa a matsayin shaida. Ana kiran shari'ar da sunan Dandalin Hankaki, laƙabin ofishin da aka tsare shi. Kimanin wata huɗu ana titsiye shi baiti bayan baiti: wa kake nufi a nan, wa ka aika wa wannan. Ya amsa cewa da yawa daga cikin waƙoƙin suka ne, bai ɓoye ba. Ana ruwaito cewa har wata waƙa da ya yi wa itatuwa biyu aka kai wa sarki, aka ce maganar da ya yi ta dodon da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa cin fuska ce ga mai mulki, sarkin ya ce mutum na waƙar itacensa, ina ruwana a ciki. Ya sa rai da mutuwa, har ya rubuta wa ƙanensa waƙar ban kwana yana roƙon su sake zama 'yan'uwa a wata rayuwar. Abin da ya cece shi: daular Song na da al'adar ƙin kashe masu ilimi kan magana, kakar sarki ta sa baki tana kan gadon jinya, wasu manya ma suka roƙa. Aka sake shi, aka kore shi zuwa Huangzhou, wani ƙaramin gari a bakin kogin Yangtze, da muƙami na suna kawai, ba shi da ikon sa hannu a takarda kuma ba ya barin yankin. Waɗanda suka karɓi waƙoƙinsa su ma ba su tsira ba. An rage wa ƙanensa muƙami, an ci tarar wasu, har da babban masanin tarihi Sima Guang.

A nan nake so ka tsaya, Alhaji, domin mutumin da Sinawa suke ƙauna a Huangzhou aka same shi, tsakanin 1080 da 1084. Ga iyali da yawa, ga albashi ya kusa yankewa. Ya bayyana wa almajirinsa Qin Guan a wasiƙa yadda yake tattali: ranar ɗaya ga wata sai ya ware tsabar kuɗi 4,500, ya kasa su kashi 30, ya rataye a azarar ɗaki. Kowace safiya ya sa sanda mai ƙugiya ya sauko da kashi ɗaya, sannan ya ɓoye sandar. Abin da ya rage a ranar ya zuba a cikin gora, na baƙi ne. Daga baya wani abokinsa ya samo masa wani tsohon filin soja a gabashin gari, duk duwatsu da ƙaya. Mutumin da sarki ke karanta rubutunsa ya ɗauki fartanya ya share, ya shuka, ya koyi noma wurin maƙwabta. Wannan fili shi ne Dongpo, gangaren gabas, kuma da shi ya koma kiran kansa.

Sau da yawa ana nuna shi kamar mutumin da wahala ba ta taɓa shi, kullum cikin raha. Wannan rage masa daraja ne. Akwai waƙar da ya rubuta a shekararsa ta uku a can, lokacin da ruwan sama ya ƙi tsayawa: ɗakinsa kamar kwale-kwalen masunta a tsakiyar ambaliya, murhu a fashe, ɗanyen kara ya ƙi kamawa, fada ta yi nisa, kaburburan iyaye sun yi nisa, shi kuma kamar toka ce da ba ta sake ruruwa. Takardar da ya rubuta ta da hannunsa tana nan a gidan adana kayan tarihi na Taipei, haruffan suna farawa a natse sannan su yi ta girma suna karkacewa, ana ƙirga ta cikin mafi daraja a duk rubutun hannu na Sinawa. Wanda ya rubuta wannan ya san baƙin ciki sarai. Abin da ya bambanta shi shi ne bai zauna a cikinsa ba.

A wannan shekarar dai, 1082, ya shiga jirgin ruwa da abokai da dare zuwa wani jan dutse a bakin kogi, wanda mutanen wurin ke alaƙantawa da babban yaƙin da aka yi a shekara ta 208, inda aka ƙone jiragen jarumi Cao Cao. Abin da ya rubuta kan wannan dare har yau ɗaliban sakandare na haddace shi. Wani baƙo ya busa sarewa mai ban tausayi, ya ce ina Cao Cao da rundunarsa yanzu, balle mu da ba kowa ba. Su Shi ya amsa masa da ruwa da wata: ruwa na tafiya amma kogi bai ƙare ba, wata na cika yana raguwa amma bai ƙaru ba bai ragu ba. Kowane abu a duniya da mai shi, in ba naka ba ne ko gashi ɗaya kada ka ɗauka, sai iskar kogi da hasken wata, su ba mai hana ka kuma ba sa ƙarewa. Tunanin ya haɗa koyarwar Confucius da ta Dao da ta Buddha, amma ba wa'azi ya yi ba, hira ce cikin jirgi, daga ƙarshe suka yi barci har gari ya waye.

Kuma ko a korar bai janye hannu daga al'amuran jama'a ba. Ya ji cewa talakawan yankin na nutsar da jarirai a ruwa saboda ba za su iya ciyar da su ba, musamman mata. Ba shi da iko, sai ya rubuta wa gwamnan Ezhou da ke tsallaken kogi yana roƙon a hana, shi kuma ya haɗa ƙungiya a Huangzhou, masu hali na ba da kuɗi duk shekara ana saya wa matalautan masu ciki shinkafa da tufafi. Shi da ke rataye kuɗin cefane a azara ya ba da nasa kason.

Da Shenzong ya rasu a 1085, mulki ya koma hannun mahaifiyarsa a matsayin mai riƙo, aka dawo da masu adawa da sababbin dokoki, Sima Guang ya zama waziri, Su Shi ya haye manyan muƙamai cikin ɗan lokaci har ya zama mai rubuta umarnin sarki. A nan ne, a ganina, ya nuna ainihin halinsa. Sima Guang ya ƙuduri rushe duk abin da Wang Anshi ya kafa. Su Shi ya ce a'a, dokar da ta ba talaka damar biyan kuɗi maimakon aikin tilas na gwamnati tana da amfani, ya gani da idonsa a garuruwan da ya riƙe, a gyara ta kada a soke. Ya yi gardama da mutumin da ya dawo da shi fada kamar yadda ya yi da wanda ya fitar da shi. Sakamakon haka ɓangarorin biyu suka sa shi a gaba. Tun kafin nan ma, a 1084, ya biya ta Nanjing ya ziyarci Wang Anshi da ya yi ritaya, suka kwashe kwanaki suna hirar waƙa da ilimi.

Ya sake neman fita, a 1089 ya koma Hangzhou a matsayin gwamna, ya tarar da fari da yunwa da annoba. Ya roƙi fada ta rage shinkafar da yankin ke aikawa, ya karya farashin hatsi, ya buɗe asibitin talakawa da kuɗin hukuma haɗe da zinariyarsa ta kansa. Tafkin da ka gani kuwa ciyawa da taɓo sun cinye kusan rabinsa, alhali da shi birnin ke sha kuma da shi ake ban ruwa. A 1090 ya ɗauki mayunwata aikin yashe shi, suna samun abinci a matsayin lada. Taɓon da aka kwaso, maimakon a rasa inda za a kai shi, sai aka jibge shi ya zama hanya daga kudu zuwa arewa, kusan kilomita uku, da gadoji shida, aka dasa itatuwa a gefe. Ya ba manoma hayar bakin tafkin su riƙa shuka wani abin ci na cikin ruwa, wanda dole sai sun cire ciyawa kafin su shuka, ya kafa ƙananan hasumiyoyi uku a ruwa don nuna iyaka. Waɗanda ke wurin yanzu an sake gina su ne a zamanin daular Ming, kuma su ne a bayan takardar kuɗi ta yuan ɗaya.

Sauran rayuwarsa gangara ce. Mai riƙon ta rasu a 1093, ɗaya ɓangaren ya dawo, waziri kuma Zhang Dun, tsohon abokinsa. A 1094 aka kore shi zuwa Huizhou a Guangdong, a 1097 aka ƙara tura shi tsibirin Hainan yana ɗan shekara 60, wurin da a lokacin ake ganin daga shi sai hukuncin kisa. Ya rubuta cewa babu nama, babu magani, babu gida, babu aboki. Da aka fitar da shi daga masaukin gwamnati, mutanen gari suka taya shi gina bukka. Ya zauna da ƙaramin ɗansa Su Guo, ya kammala sharhin littattafan magabata, ya karantar da samarin tsibirin. A 1100 sabon sarki ya yi afuwa. Yana hanyar dawowa sai ga Zhang Dun shi ma an kore shi kudu, ɗansa ya rubuto cikin fargabar ramuwa. Su Shi, yana fama da ciwon ajali, ya amsa cewa shi da Zhang Dun abokai ne shekara 40, abin da ya wuce ya wuce, ya haɗa da shawarar yadda tsohon zai kula da lafiyarsa a can. A wata gajeriyar waƙa ta ƙarshen rayuwarsa ya ce in an tambayi aikin da ya yi a duniya, a ce Huangzhou da Huizhou da Danzhou, garin da ya zauna a Hainan, wato wuraren kora uku.

Game da shahararsa, gwanintar kanta ba ƙarama ba ce. Ya bar waƙoƙi kusan 2,700, ban da sama da 300 na wani salo da ake rerawa, wanda kafin shi yawanci na soyayya ne da wuraren shaƙatawa, shi ya buɗe shi ya ɗauki tarihi da farauta da makoki. Wadda ya yi a 1075 bayan ya yi mafarkin matarsa ta fari Wang Fu, shekara goma da rasuwarta, yana ganin ta a bakin taga tana gyaran gashi sun kasa cewa komai, har yau ana kuka da ita. Wadda ya yi wa ƙanensa a 1076 daren bikin tsakiyar kaka, yana fatan su yi tsawon rai su riƙa kallon wata ɗaya ko da nisa ta raba su, ita ce ake rerawa duk shekara a wannan biki. Ga zane: wani hotonsa na busasshen itace da dutse an sayar da shi a Hong Kong a 2018 kan kusan dalar Amurka miliyan 60. Ga girki ma, kuma a nan ka kula, Alhaji: in ka ga abinci mai sunan Dongpo a gidan cin abinci a Hangzhou, galibi naman alade ne.

Amma gwanaye da yawa an yi an manta. Shi kuwa an yi ƙoƙarin shafe shi da gangan abin ya ƙi. Bayan rasuwarsa waziri Cai Jing ya sa aka sassaƙa sunayen 'yan adawa 309 a dutse, nasa a ciki, aka ba da umarnin lalata allunan buga littattafansa. Mutane suka ci gaba da kwafa a ɓoye. Daular ta rasa arewacin ƙasar a 1127, sarakunan da suka biyo baya suka wanke shi, sarki Xiaozong ya ba shi laƙabin girmamawa ya kuma rubuta wa littattafansa gabatarwa. Ɗalibai suka riƙa cewa wanda ya ƙware a rubutun Su zai ci naman rago, wanda bai ƙware ba ya sha miyar ganye. A Koriya, sunan masanin tarihi Kim Bu-sik da na ƙanensa an ɗauko su ne daga sunayen Su Shi da Su Zhe. Ba kowa ya yarda da shi ba, babban malami Zhu Xi ya soki iliminsa da cewa gauraye ne, kuma gaskiya ne bakinsa ya jawo wa abokansa wahalar da ba su nema ba. Sai dai a ƙasar da duk mai ilimi ya san wata rana za a iya kore shi kan gaskiyarsa, an daɗe ana buƙatar wanda ya bi wannan hanya tun daga farko har ƙarshe ya kuma rubuta yadda ake bin ta, tun daga kuɗin cefane har zuwa yafe wa wanda ya kore ka.

Takardun shari'ar 1079 ma ba su ɓace ba. An kwafe su sun kai har zamaninmu, da jerin waƙoƙin da aka tuhume shi a kansu da bayanin da ya yi da bakinsa kan kowace ɗaya: ranar da ya rubuta, wanda ya aika wa, da dokar da yake suka. Masu nazari na dogara da su sosai wajen gane waƙoƙinsa na shekarun 1070, kuma suna cikin tsofaffin cikakkun bayanan da ake da su na shari'ar da aka yi wa marubuci a kan bugaggen littafi.